Kuɗin rediyo da talabijin na ƙasa: wa zai biya, kuma da wane mudu?

Duk mai kontar wuta a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya san takardar Nigelec. Idan ta zo, ido kan faɗa kan jimlar da ke ƙasa, a ja tsaki, a ninke ta a sa aljihu. Kaɗan ne ke tsayawa su karanta layukan da ke bisa jimlar, inda aka jera ƙananan haraji da ke rakiyar kuɗin wutar. Ɗaya daga cikinsu na gidan rediyo da talabijin na ƙasa ne, kuma ana lissafa shi bisa yawan wutar da aka sha. Wato mai injin niƙa, da mai walda, da malamin lakwal mai ƙwan fitila uku da fanka ɗaya, dukansu suna cikin masu ciyar da Muryar Sahel da Tele Sahel, ko sun sani ko ba su sani ba. Tun da haka ne, suna da ikon su tambaya ko mudun da ake auna masu na adalci ne, da kuma inda hatsin yake zuwa bayan an auna.

Tambayar ba ta Nijar kaɗai ba ce. A shekarun nan ƙasashen da suka ƙago wannan haraji suna ta jayayya a kansa, wasu sun soke shi, wasu sun sake masa kama. Abin da ya same su ya isa a duba, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa ma naka ruwa.

Rijiyoyi uku

Gidan rediyo na ƙasa ya fara aiki a 1958, aka kafa ofishin ORTN a 1967, aka raɗa ma rediyon suna Muryar Sahel a 1974, Tele Sahel kuma ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. A 2022 ne aka mai da sunan ofishin RTN. A tsawon wannan lokaci aikinsa ya wuce kiɗa da labaran fadar shugaban ƙasa. Shi ne ke kai sanarwar rigakafi da labarin damina da farashin cimaka cikin harsunan ƙasa zuwa rugage da tungayen da jarida ba ta zuwa. Irin wannan aiki yana cin kuɗi: albashin ma'aikata, na'urorin watsa shiri a jihohi, man mota, wutar lantarki, hayar tauraron ɗan'adam. Kuma rijiyoyin da ake ɗebo kuɗin ba su wuce uku ba a ko'ina cikin duniya: baitulmalin gwamnati, tallace-tallace, da kuma kuɗi na musamman da jama'a ke biya da sunan gidan.

Baitulmali shi ne mafi sauƙi, amma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Gidan da ke jiran ministan kuɗi kowace shekara ya yanka masa rabonsa, da wuya ya ɗaga murya a kan gwamnatin da ministan yake ciki. Abin bai tsaya ga ƙasashe matalauta ba. A watan Maris na 2025 shirye-shiryen Muryar Amurka, har da na sashen Hausa da mutanen ƙasar nan suka daɗe suna saurare, suka tsaya cik bayan umurni ɗaya daga fadar shugaban Amurka. A watan Yuli na wannan shekarar kuma majalisar dokokin Amurka ta janye dala miliyar 1.1 da aka riga aka ware ma hukumar da ke tallafa ma gidajen rediyo da talabijin na jama'a a cikin ƙasar, kuma ƙananan tashoshin karkara ne suka fi jin jiki.

Talla kuwa tana bin mai saye. Kamfanin salula da mai sayar da madara suna neman kunnen mutanen birni masu abin hannu, ba ruwansu da makiyayin Tasara ko manomin Magarya. Gidan da ya dogara da talla zai cika dare da fina-finai da ƙwallo, ya tura shirin noma da na kiwon lafiya zuwa lokacin da kowa ke barci. Ban da haka, kasuwar talla a ƙasar nan ƙarama ce, kuma tun da aka buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu a tsakiyar shekarun 1990, da ita suke rayuwa. Idan babban gida mai samun tallafin gwamnati ya shigo ya karya farashi, ƙananan ne za su mutu. Wannan ne ya sa aka ƙago rijiya ta uku, domin gidan ya zama yana cin abincin masu saurare, ya kuma ji kunyarsu.

Darasin Ingila

Ingila ce uwar wannan tsari. An kafa BBC a 1922, kuma tun farkon shekarunta duk mai akwatin rediyo yana biyan sule 10 a shekara. A 1946 aka fito da lasisin talabijin a kan fam 2, a 1971 aka soke na rediyo. A 2025 lasisin ya kai fam 174.50 a shekara ga kowane gida, wato wajen jika 130 na kuɗin sefa, kuma abin da ake tarawa ya haura fam miliyar 3 da rabi. Da wannan kuɗi ne BBC ke watsa shirye-shiryenta na cikin gida ba tare da talla ba. Tun daga 2014 kuma mafi yawan kuɗin sassanta na ƙetare daga nan suke fitowa, har da sashen Hausa da aka buɗe a 1957. Ke nan mai sauraren labarin asuba a Tasawa yana cin albarkacin wata tsohuwa a Landan da ba ta taɓa jin sunan garinsa ba.

Sai dai tsarin yana da miki, kuma mikin yana wurin karɓa. Kuɗin ɗaya ne ga kowa: attajiri mai gida hawa uku da talabijin goma, da bazawara mai ɗaki ɗaya da ƴaƴa uku, abin da za su biya bai bambanta ba. An yi ma makafi rangwamen rabi, an kuma yafe ma tsofaffi masu shekara 75 daga shekarar 2000, amma tun watan Agusta na 2020 sai matalauta daga cikinsu kaɗai ke samun wannan yafiya. Kallon talabijin ba lasisi laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa, tara tana iya kai fam 1,000, wanda ya ƙi biyan tarar kuma yana iya ƙarewa a gidan kaso. Tun 1952 ake yawo da motoci masu na'urar gano gidan da ke kallo a ɓoye, ana aika wasiƙun gargaɗi, ana tura ma'aikata su ƙwanƙwasa ƙofa.

Sakamakon wannan farauta shi ne abin lura. Dubun dubatar mutane ake gurfanarwa kowace shekara, kuma wajen kashi uku cikin huɗu daga cikinsu mata ne. Dalilin a fili yake: mace ce aka fi tararwa a gida da rana, ita ce ke buɗe ƙofa, ita ce ke amsa tambaya, kuma gidajen da mace ke riƙe da su ita kaɗai sun fi yawa a cikin matalauta. Doka ba ta ambaci mace ba, amma hanyar karɓar ta zaɓe ta. Duk da haka masu ƙin biya sai ƙaruwa suke, har sun haura kashi 10 bisa ɗari, domin matasa sun koma kallo ta intanet a wayar hannu da kwamfuta. A 2016 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da masu kallon shirye-shiryen BBC ta intanet, amma hakan bai tsai da zubar ba. Yarjejeniyar da BBC ke aiki a ƙarƙashinta za ta ƙare a ƙarshen 2027, kuma makomar lasisin na cikin manyan abubuwan da ake muhawara a kansu.

Akwai kuma wani abin da Ingila ta nuna: lasisi shi kaɗai ba ya raba gida da hannun gwamnati, matuƙar gwamnati ce ke yanka farashinsa. Daga 2010 zuwa 2017 an daskarar da shi a kan fam 145.50, alhali kayan aiki suna ta tsada, aka kuma ɗora ma BBC nauyin da a da baitulmali ke ɗauka. Mai riƙe da mudu ba ya bukatar ya yi tsawa kafin a ji tsoronsa.

Maƙwabta sun gwada

Ƙasashen Afirka da suka gaji wannan tsari daga Ingila sun fi shan wuya da shi. A Gana dokar lasisin talabijin tana nan tun 1966, amma kuɗin ya zauna wuri ɗaya shekara da shekaru har ya zama bai kai kuɗin takardar da ake rubuta shi a kai ba. A 2015 aka farfaɗo da shi a kan sidi 36 a shekara ga mai akwati ɗaya, sidi 60 ga mai biyu ko fiye. Da aka ga mutane ba su biya, sai a ƙarshen 2017 aka ware kotuna na musamman domin hukunta masu ƙin biya. Jama'a suka yi ca, cikin ƴan kwanaki aka dakatar da maganar gurfanarwar. A Afirka ta Kudu lasisin rand 265 ne a shekara, kuma rahotannin gidan SABC da kansa sun nuna fiye da kashi 80 bisa ɗari na waɗanda ya kamata su biya ba su biya. A Najeriya kuwa tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin, abin da ya sa kuɗin ke shiga asusun da ba shi da alaƙa da gidajen watsa labaran.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai shi ne an rataya harajin a kan akwati. Akwati kuwa yana cikin ɗaki, bayan zaure, inda baƙo ba ya shiga. Kafin a ƙidaya shi sai an ɗauki rundunar ma'aikata, a ba su babura da rasit, kuma duk ɗan kasuwar da ya taɓa hulɗa da masu karɓar haraji ƙofa ƙofa ya san yadda ake ƙarewa: rabi ya shiga asusu, rabi ya tsaya a hanya, mai gaskiya ya biya, mai wayo ya sulale. Yau da wayar hannu ta zama rediyo ta zama talabijin, ƙidayar akwatuna ta zama aikin baban giwa.

Inda aka sake mudu

Jamus ta gane haka, sai ta bar akwati ta kama gida. Tun watan Janairu na 2013 kowane gida yana biya, ko da talabijin ko babu, kuma tun 2021 kuɗin yuro 18.36 ne a wata, wajen jika 12 ke nan. An yafe ma masu karɓar taimakon gwamnati saboda talauci, kamfanoni kuma suna biya gwargwadon yawan ma'aikatansu. Abin koyi a tsarin Jamus shi ne wanda ke yanka farashin. Wata hukuma ce ta ƙwararru mai zaman kanta ke binciken abin da gidajen ke bukata, ta ba da adadi, sannan majalisun jihohi su amince. A 2020 wata jiha ta hana ƙarin da hukumar ta ba da shawara, sai kotun tsarin mulki ta yanke hukunci a 2021 cewa ba a yi daidai ba, ƙarin ya tabbata. Inda tsarin ya gaza shi ne har yanzu mai kuɗi da mai ƙaramin albashi abu ɗaya suke biya.

Italiya ta bi hanyar da mutanen Nijar suka sani. Kafin 2016 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na gidaje ba su biya. A wannan shekarar aka mai da kuɗin cikin takardar wutar lantarki, aka rarraba shi kashi goma a shekara, wanda ba shi da talabijin kuma ya rubuta takardar shaida a cire shi. Masu ƙin biya suka ragu ƙwarai, har aka sami damar rage kuɗin daga yuro 113.50 zuwa 100, sannan zuwa 90. Wannan lissafi ne da kowane ɗan kasuwa zai gane: idan kowa ya biya, rabon kowa sai ya yi sauƙi.

Finlan ce ta fi kusantar adalci. Tun 2013 ta mai da shi haraji na musamman bisa abin da mutum ke samu: wanda samunsa bai kai wani ƙayyadadden adadi ba, ba ya biyan komi, wanda ya haura yana biya gwargwado, amma akwai rufin da ba a wucewa, wajen yuro 160 a shekara. Suwidin ta bi sahu a 2019. Sai dai wannan mudu yana aiki ne a ƙasar da hukuma ta san samun kowa. A ƙasar da mafi yawan mutane manoma ne da makiyaya da masu ƙananan sana'o'i, waɗanda aka san samunsu su ne masu albashi kaɗai. Idan aka kwaikwayi Finlan a nan ido rufe, kayan duka zai faɗa kan ma'aikacin gwamnati, wanda dama ake yanke masa haraji tun kafin albashin ya iso hannunsa.

Faransa kuwa soke nata ta yi. Harajin da ta fara a 1933, wanda ya kai yuro 138 a shekara, an kawar da shi a watan Agusta na 2022 da sunan sauƙaƙa ma jama'a tsadar rayuwa. Aka maye gurbinsa da wani kaso na harajin TVA. Mutane sun daina ganin takarda, amma ba su daina biya ba, domin TVA tana cikin farashin sabulu da takalmi, kuma ta fi cin talaka, tun da shi duk abin da ya samu kashewa yake. Ga shi kuma adadin ya koma hannun majalisa tana yanka shi kowace shekara.

Kontar wuta a kan sikeli

Idan aka jera waɗannan duka, za a ga hanyar da Nijar ta bi, wadda Kodibuwa ma ke bi, ba abin raini ba ce. Karɓar ba ta da tsada, tun da takardar wuta dama za a buga ta, a kai ta, a biya ta. Ba mai ƙwanƙwasa ƙofar kowa, ba matar auren da za a kai kotu. Kuma shan wuta yana nuna ƙarfin gida gwargwado: mai na'urar sanyaya ɗaki da firigo biyu ya fi mai fitila da fanka biya, abin da lasisin Ingila bai taɓa yi ba. Wajen mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a ƙasar nan, mafi yawansu a birane, wato mutumin birni ne ke ɗauke ma na ƙauye. Wannan ba zalunci ba ne, domin sanarwar da ta hana annoba yaɗuwa a ƙauye ta tsare kasuwar birni, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma mudun yana da huji a wurare da dama. Na farko, wutar sana'a dabam take da wutar gida. Mai injin niƙa, mai yin ƙanƙara, mai walda da tela mai keken lantarki suna shan wuta ne domin neman abinci. A ce, don misali kawai, harajin tamma ɗaya ne a kan kowane kilowat: gidan da ya sha 100 zai biya dala ashirin, mai ƙanƙarar da ya sha 3,000 zai biya jika uku, ninki talatin ke nan, alhali kunnuwansa biyu ne kamar na kowa. Kuma ba shi zai ɗauki asarar ba, zai zuba ta cikin farashin ƙanƙara da na niƙa, ta koma kan matar da ta kawo tiyar hatsi.

Na biyu, manyan masu hali sun fara fita daga layi. Wanda ya shimfiɗa faifan hasken rana a rufin gidansa, ko ya girka babban janareto, takardarsa ta Nigelec sai ta ƙanƙance, rabonsa na harajin ya bi ta, ga shi kuwa shi ne mai talabijin a kowane ɗaki. Na uku, gidan haya mai ɗaki goma da kontar ɗaya yana bayyana a takarda kamar gidan attajiri, alhali talakawa goma ne ke karo-karo. Na huɗu, kuɗin yana hawa da sauka tare da wutar. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar ma Nijar, daga watan Agusta na 2023 zuwa Maris na 2024, kowa ya ga yadda birane suka zauna cikin duhu. Harajin da ke bin kilowat dole ya ragu a irin wannan lokaci, wato daidai sa'ad da jama'a suka fi bukatar labari.

Gyaran da ya kamata

Ba sai an rushe ginin ba kafin a toshe waɗannan huji. Abu na farko shi ne a sa ma harajin ƙasa da rufi. Gidan da shansa bai wuce na fitila da fanka da cajin waya ba a yafe masa ɗungum, a kuma ba gidajen haya masu kontar ɗaya hanyar da za su nuna yawan iyalan da ke ciki domin a yi masu lissafi daidai. Daga sama kuma a ƙayyade adadin da ba a wucewa a wata, yadda mai sana'a zai san iyakar abin da ke kansa ya sa shi cikin lissafinsa. Ana iya raba masu sana'a aji aji, kamar yadda ake yi a patanti, maimakon a bar kontar tana ta ƙirga masu.

Abu na biyu, a nemi masu halin da suka fita daga layi a inda suke. Mai biyan kuɗin tashoshin tauraron ɗan'adam kowane wata ya riga ya nuna yana da talabijin, yana kuma da abin biya. Ɗan ƙaramin kaso a kan wannan kuɗi, wanda kamfanin zai karɓa ya miƙa, ya fi kusa da adalci bisa ƙarin haraji a kan katin waya, domin katin waya har mai tallan goro yana saye. Haka nan ana iya ɗora wani abu kaɗan a duwan kan manyan akwatunan talabijin masu tsada, a bar ƙananan rediyo su shigo ba nauyi.

Abu na uku ya shafi hanyar da kuɗin ke bi. Doka ta fayyace cewa abin da aka karɓa da sunan gidan rediyo da talabijin amana ne a hannun mai karɓa, a zuba shi kowane wata cikin asusu na musamman, kada ya biya ta baitulmali inda zai gauraya da sauran kuɗi, kada kuma a riƙe shi a ce an cire bashin wuta. Ofisoshin gwamnati su ma su biya nasu kan lokaci, domin babu adalci a yanke ma mai shago wuta kan jinkirin wata ɗaya, a ƙyale babban ofishi.

Abu na huɗu, a cire yankan farashi daga hannun mutum ɗaya. A kafa kwamiti kaɗan mai wakilan ƴan kasuwa, ƙungiyoyin ƙwadago, ƴan jarida da masana lissafin kuɗi, ya duba bukatun gidan, ya ba da adadin da zai tsaya shekara huɗu ko biyar. Gidan da ya san abin da zai samu shekaru masu zuwa yana iya sayen na'ura, ya horar da ma'aikata, ya kuma faɗi gaskiya ba tare da ya waiwaya ba.

Haƙƙin mai biya

Duk wannan gyara ba zai sa mutane su biya da daɗin rai ba sai sun ga abin da kuɗinsu ya haifa. Ɗan kasuwa ba ya zuba jari inda ba a buɗe masa littafi. Ya kamata kowace shekara a buga a jarida, a kuma karanta a rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa, nawa aka karɓa, nawa ya iso, nawa aka kashe a albashi, nawa a shirye-shirye, nawa a tashoshin jihohi. Ya kamata a san rabon da ya koma Damagaram da Maraɗi da Tawa da Agadas da Difa, domin kuɗin ba a Yamai kaɗai ake tara shi ba. Gidajen rediyon karkara, waɗanda ke aikin jama'a da ƙarfin sa kai, su ma suna da haƙƙi a cikin wannan asusu.

Sannan wanda ya biya yana da haƙƙin ya ji kansa. Mai biyan harajin nan yana iya zama mai goyon bayan masu mulki, yana iya zama mai sukar su, kontar ba ta tambaya. Gidan da ke cin kuɗin kowa wajibi ne ya buɗe ƙofa ga kowa: ɗan kasuwa ya faɗi kukansa kan duwan da hanyoyi, ma'aikaci ya faɗi nasa kan albashi, manomi ya faɗi nasa kan taki, a kuma kira mai alhakin ya ba da amsa. A watan Maris na 2018 an tambayi mutanen Suwizalan ta ƙuri'ar raba gardama ko a soke kuɗin rediyo da talabijin, wanda yana cikin mafi tsada a Turai. Fiye da kashi 70 bisa ɗari suka ce a bar shi. Ƙasa ce mai harsuna huɗu, kuma masu kowane harshe sun san akwai tashar da ke magana da su da kuɗin da aka tara tare.

Nijar mai harsuna fiye da na Suwizalan, da faɗin ƙasa da ya ninka nata sau da yawa, ta fi ta bukatar irin wannan gida. Hanyar karɓa tana nan, an kuma saba da ita. Abin da ya rage ga magabata shi ne su sauke ma ƙaramin gida, su sa ma mai sana'a iyaka, su kai hannu ga masu halin da suka zame, su kuma buɗe littafin kowa ya gani. Masu biya kuwa, ƴan kasuwa ta bakin ƙungiyoyinsu da ma'aikata ta bakin nasu, su ne ya kamata su fara neman a buɗe shi.